Tafiyarmu Tema Neman Sanyin Madara

Tun da na dawo daga Gana ban huta da tambaya ba. In na zauna wurin mai shayi a bakin kasuwar Samaru, sai wani ya jawo benci ya ce, "Ishaya, ba mu labari mana." Ranar Lahadi in an tashi daga sujada, kafin in kai bakin ƙofa an tare ni: wai da gaske ne can ba a ɗauke wuta? Wai da gaske ne suna jin Hausa? Nakan ce lafiya lau aka je, lafiya lau aka dawo, in kawo wata maganar. Ba rowar labari nake yi ba. Labarin ne ba na faɗa a tsaye ba, kuma rabin amsar da nake bayarwa ba gaskiya ba ce. To yau na samu wuri na zauna, ga shi daga tushe.

Sana'ata gyaran injinan sanyi ce. Na daɗe ina aiki a wata 'yar masana'antar yogot a Sabon Gari, can bayan layin dogo, ta Alhaji Tanimu. Alhaji tsohon malamin dabbobi ne, ya ƙare ƙuruciyarsa yana yawon rugage yana yi wa shanu allura. Da ya yi ritaya sai ya tattara abin da ya samu ya kafa wurin, don matan Fulanin da ya sani tun suna 'yan mata su samu inda za su riƙa kai madara kullum, ba sai sun wuni suna talla a rana ba. Injinmu na hannu ne, wato an taɓa amfani da shi, daga wani kamfanin lemo a Tema, can Gana, aka sayo shi.

Dole in ɗan yi bayanin injin, in ba haka ba ba za a gane abin da ya kai mu can ba. Akwai wani ruwa mai ɗan yauƙi da ake kira gilaikol, namu ja-ja ne kamar zobon da aka tsinka. Ana gauraya shi da ruwa don kada ya daskare ko da sanyinsa ya wuce na ƙanƙara. Ba ya taɓa madara. Cikin bututu yake zagayawa, ya bi ta jikin tankuna ta waje. Layi biyu ne. Layin sanyi shi ke sanyaya madara, layin ɗumi kuma shi ke riƙe ta da ɗumi-ɗumi har ta kama ta zama yogot. Kowane layi da famfon da ke tura ruwansa. Ƙa'idar ita ce kada ɗumin wannan ya ratsa zuwa wancan. Mu kuwa namu ratsawa yake yi. Za ka bar allurar ma'aunin tankin madara a kan huɗu, ka juya ka dawo ka tarar ta haura goma. Madara ta yi tsami tun ba a so ba, yogot ya tsinke, robobi su kumbura a shagunan mutane a dawo mana da su. Na canja bawul mai buɗe ruwa da rufewa, na ƙara wa bututu soson da ke tare zafi, na wanke injin sanyin ciki da waje. A banza. Wata safiya muka zubar da madarar tanki guda a kwata, Inna Jumma, shugabar matan da ke kawo mana, tana tsaye da ƙwaryarta a ka tana kallo. Alhaji ya shige ofis ya rufo ƙofa.

'Ya'yansa sun daɗe suna cewa a sayar da wurin ya huta. Shi kuwa sai ya yi ta bincike har ya samo lambar injiniyan da ya haɗa injin tun asali, wani dattijo, Mista Ofori. A waya mutumin ya ce ba ya son yin cinke daga nesa, amma ɗan'uwan injin namu yana nan yana aiki a wurinsu, mu zo mu gani da ido, mu taho da ɗan gilaikol ɗinmu a gwada. Na ce ni kaɗai zan je. Alhaji yana da ciwon suga, ga shekaru.

"Kai kaɗai?" in ji shi. "In suka yi maka Turancin Gana ka dawo min da rabin magana fa?"

"Alhaji, hanyar da nisa."

"Na bi shanu har Kamaru da ƙafa kafin a haife ka. Je ka yanko mana tikiti."

Ana gab da tafiya ya shiga kasuwar Sabon Gari ya sayo takalmi sau-ciki, baƙi, mai ƙyalli. Mutumin da tun da na san shi fade yake sawa. Ya ce ba a shiga kamfanin mutane da yatsu a waje.

Hanyar Legas ba sai na ja ta ba, da yawanku kun bi ta. Babbar mota muka hau, Alhaji a bakin taga, ni kuma da 'yar jarkar gilaikol tsakanin ƙafafuna. Duk tirelar shanun da muka wuce sai ya leƙa ya yi tsaki. "Dubi idanunsu. Waɗannan tun jiya ba su ga ruwa ba." Wata mata 'yar kasuwa da ke kujerar gefe ta yi ta kallon jarkata, can ta ce da ni cikin Turancin kasuwa in ba rowa ba in san mata zobon mana. Na ce ba na sha ba ne, na inji ne. Har muka rabu ba ta yarda ba. A Lokoja muka ci soyayyen kifi, Alhaji ya ɓare burodinsa ya ba ni rabi saboda suga. Da muka kai Ibadan ya kira Mista Ofori don ya shaida masa mun taso. Wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ya ce ƙila mutumin yana cikin ƙarar inji.

Muka kwana a Agege wurin wani ɗan'uwansa dillalin shanu, da safe muka shiga ƙaramar mota mai zuwa Gana kai tsaye. Wanda bai taɓa bin wannan hanya ba, ya sani cewa iyaka uku ake tsallakewa a wuni guda, kuma a kowace sai an sauka, an bi layi, an nuna fasfo da katin allurar shawara. A ɗaya daga cikin iyakokin masu Faransanci ne jarkata ta jawo mana tsaiko. Jami'in ya buɗe, ya sansana, ya ɗiga a yatsa ya murza, sannan ya zubo mana tambayoyi. Ba mu jin Faransanci, shi ba ya jin Turanci. Aka tsayar da mu a rana a gefen rumfa. Direba ya fara buga sitiyari, fasinjoji suna harararmu.

Allah ya kawo wani mai tsire, mutumin Gaya mai jin Faransanci, ya bar tukubarsa ya zo ya yi mana tafinta. Ya ce jami'in na cewa in sinadari ne ina takardarsa, in abin sha ne in kurɓa ya gani. Alhaji ya ce, "Gaya masa na madara ne." Sai ya tsuguna a gaban jama'a, da babbar rigarsa, ya shiga kwaikwayon tatsar saniya, ya miƙe ya rungume kansa yana karkarwa wai sanyi. Jami'in ya yi dariya har ya dafa tebur. Amma dariyar ba ta hana shi aikinsa ba. Ya ce jarka ba za ta wuce ba, sai dai mu ɗiba kaɗan. Na shanye ruwan gorata na tsiyaya gilaikol a ciki. Mun daɗe a tsaye a wurin nan. Na lura Alhaji yana ɗage ƙafar dama yana saukewa, na ɗauka gajiya ce.

Abin da na riƙe na Kwatano kaɗan ne: 'yan acaba masu rawayar riga kamar fari, mata suna tuƙa babur da kaya a baya ba mai kallonsu, fetur a manyan kwalabe a bakin titi, da burodi dogo kamar sandar makiyayi, mai tauri ta waje. A Lome titi ya bi ta bakin teku. Ranar na fara ganin teku. Na taɓa Alhaji na nuna masa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Duk wannan ruwa, ba saniyar da za ta sha."

Masaukinmu a Ashaiman yake, kusa da Tema, a zango, wato unguwar Hausawa da sauran Musulmin Arewa. Mai tsiren nan ne ya kwatanta mana gidan wata Hajiya Mariyama mai ba baƙi hayar ɗaki. Dattijuwa ce mai jiki, mai yawan dariya. Da ta ji daga Zariya muke sai ta tafa hannu. Ta ce kakanta Bazazzagi ne, fataucin goro ya kawo shi bai koma ba, ita kuma ba ta taɓa zuwa ba. Ta tambaye mu ko dutsen Kufena yana nan. Alhaji ya ce da muka taho dai mun bar shi a wurin.

Hausarsu Hausa ce, amma sai ka kasa kunne. Mu da Kanawa ke yi wa dariya wai muna mai da mace namiji a magana, sai ga waɗanda suka fi mu nesa ba kusa ba. Hajiya za ta dubi jikarta ta ce, "Kai, zo ka ɗauki kwano," ba wanda zai ji wani abu. Da safe akwai koko da ƙosai, kuma duk ƙasar kokon Hausa suke kiransa, har waɗanda ba su san ko sannu ba. Akwai wake da shinkafa da suke dafawa da karan dawa ya yi ja, a zuba maka taliya da gari da ƙwai duk a ganye ɗaya. Akwai dokunu, tuwon masara mai tsami a naɗe cikin ɓawo, da wani baƙin yaji mai kifi wanda ya sa ni hawaye. Alhaji ya nemi nono. Aka kawo masa wani abu kamar fura a roba, ya kurɓa ya ajiye. "Madarar gari ce," ya ce da ni a hankali, kamar mai ba da labarin rasuwa.

Washegari muka yi shiri muka nufi kamfanin. Tun daga nesa na hango wani babban hoto a jikin ƙofar, dattijo mai furfura da tabarau yana murmushi, an zagaye shi da baƙi da ja. Ban kawo komai a raina ba sai da muka matso na karanta sunan. Mista Ofori ne. Maigadi ya ce ya faɗi ne a wurin aiki, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Lokacin da muke ta kiransa daga Ibadan yana ɗakin ajiye gawa.

Alhaji ya yi salati, ya nemi dakali ya zauna. Ni kuwa na tsaya da gorar gilaikol a hannu, na rasa inda zan sa kaina.

Maigadin ya kira wata mata, Madam Abena, wadda ita ce mataimakiyar marigayin, yanzu kuma injinan ke hannunta. Doguwa ce, ba ta da yawan magana, idanunta sun kumbura. Ta ce ta san da zuwanmu, ya gaya mata. Amma yau ba aiki, ana zaman cika mako a gidansa, mu zo mu je, in an koma aiki za ta duba mu.

A nan na ga abin da ya fi komai bambanta da gida. Su Alhaji in mutum ya rasu da safe, kafin la'asar an kai shi. Mu ma a coci ba ma wuce 'yan kwanaki. Can kuwa wannan taron ba jana'iza ba ce, taron sanar da ranar jana'iza ne, ita kuma sai bayan watanni. An kafa rumfuna a titi, kowa cikin baƙi da ja, ga makaɗa, ga lasifika, tsofaffin mata suna rawa suna share hawaye a lokaci guda. In ka iso sai ka bi layin dangi kana miƙa hannu daga dama zuwa hagu, ba a tsallake kowa. Alhaji ya bi layin nan kaf yana ɗingishi. Da aka kai mu gaban matar marigayin, wani ya raɗa mata cewa daga Nijeriya muke. Sai ta riƙe hannun Alhaji da hannu biyu ta fashe da kuka, tana gaya wa na kusa da ita su dubi inda sunan mijinta ya kai, har daga Nijeriya an zo masa ta'aziyya. Na buɗe baki zan gyara zancen, Alhaji ya take min ƙafa.

"Bar ta," ya ce da Hausa. "Ai mun zo ɗin."

Da muka koma masauki da la'asar, Hajiya Mariyama ta ja ni gefe. Dariyar nan tata babu.

"Ɗana, babanka yana cire safa in zai yi alwala?"

Na ce ban lura ba, ni ba na tsayawa kansa in yana alwala.

"Shafa yake yi a kai tun da kuka zo. Je ka duba tabarmar da ya yi salla."

Na duba. Akwai tabo, ruwa-ruwa da jini. Na shiga ɗaki na durƙusa gabansa na ce, "Alhaji, ku yi haƙuri, zan ga ƙafar nan." Ya ce ba komai ba ne, sabon takalmi ne ya ɗan cije shi. Na ce duk da haka. Safar ta manne, sai da Hajiya ta kawo ruwan ɗumi muka jiƙa. Ba zan kwatanta abin da na gani ba. Babban yatsan ya yi baƙi, warin ya cika ɗakin.

"Wallahi ba na jin zafin komai," in ji shi, kamar wannan ne zai kwantar mana da hankali.

Muka kai shi wani ƙaramin asibiti a unguwar. Ma'aikaciyar jinyar ta wanke, ta naɗe, ta ce wannan ƙafa kwanciya take so yau ɗin nan, ba gobe ba. Alhaji ya ce ya ji, ya gode, amma sai ya ga inji. Na roƙe shi, Hajiya ta yi masa faɗa kamar ƙaninta. Ya ce bai ratso ƙasa uku don ya kwanta a gadon Gana ya kalli silin ba.

Da aka koma aiki, haka ya shiga kamfanin mutane da silifas ɗin Hajiya, ƙafa a naɗe da bandeji. Madam Abena ta sa aka kawo masa kujera har ɗakin injina. Ga ɗan'uwan injinmu nan, komai iri ɗaya, sai dai shi yana aiki shiru kamar mai barci. Ta ce in zana mata yadda namu yake a allo. Ina cikin zane ta tsayar da ni.

"Wannan tankin na sama, inda ruwan ke samun wurin kumbura in ya yi zafi, guda nawa ne?"

Na ce ɗaya, layukan biyu duk a nan suke haɗuwa.

"Biyu muka sayar muku."

Alhaji ya yi gyaran murya daga kujerarsa. Ya ce ɗayan ya fashe a mota wajen kawowa, masu haɗawa suka ce ɗaya ma ya isa, shi kuma ya yarda. Ta nuna mana nasu: kowane layi da tankinsa, ɗaya an shafa masa ja, ɗaya shuɗi. Ta bi da ni ƙarƙashin bututun. Na ɗumi da na sanyi ba sa tafiya manne da juna, akwai tazarar kamu guda a tsakani, kowane da nasa soson, an like na sanyin da takardar gwangwani ruf don kada gumi ya shiga. Ta ce soso in ya jiƙe ya daina tare zafi, ya koma gada. Namu kuwa a kwalbati ɗaya suke kwance, an naɗe su tare don ya yi kyan gani. Inda dole layukan su yi musayar zafi, nasu ba sa gauraya, ta cikin wani akwati mai jerin farantan ƙarfe suke wucewa, wannan ta gefe ɗaya, wancan ta ɗaya gefen. A wurin da tanki ke sauyawa daga ɗumi zuwa sanyi kuma, bawul biyu ne a jere, don in ɗaya ya fara yoyo ɗayan ya tare.

Sannan ta tambaye ni, "Yaushe allurarku ke hawa?"

Na ce ba ta da lokaci.

"Tana da shi. Sau nawa famfunanku ke tsayawa a wuni?"

A Sabon Gari wa ke ƙirga ɗaukewar wuta? Kuma in an ɗauke, kafin a tayar da janareta an ɗau lokaci, wani sa'in ma don tsimin man dizal sai a bar shi sai madara ta iso. Ta ce su ma ana ɗauke musu, amma nasu janaretan da kansa yake tashi, famfo ba ya tsayawa.

Ta kai ni wani ɗan layin gwaji a gefe, ta kashe famfunan biyu, ta ce in dafa bututun sanyi in jira. Na dafa. Da farko sanyi har cikin ƙashi. Can sai na ji yana sakewa, ɗumi yana tahowa ƙarƙashin tafina a hankali, ba inji, ba ƙara, ba abin da ke tura shi.

"Ruwa mai ɗumi ya fi sauƙi, sama yake nema," in ji ta. "Mai sanyi ya fi nauyi, ƙasa yake nema. In ka ba su hanya ɗaya, da kansu za su yi ta zagaye. Ku kun ba su hanya ta tankin sama. Duk sanda aka ɗauke muku wuta, injinku yana dafa madararku."

Maganin kuwa: a raba tankin, a raba bututun, a sa bawul mai hanya ɗaya wanda ke rufe kansa da zarar famfo ya tsaya, a kuma lanƙwasa bututun ɗumi ya yi ƙasa kafin ya hau, tunda ɗumi ba ya gangara da kansa. Ta gwada ɗan gilaikol ɗin da ya tsira daga iyaka, ta ce ya tsinke da yawa, a sake sabo. Daga nan ta buɗe kabad ɗin marigayin ta ɗauko bawul biyu sababbi a leda. Ta ce tun ranar da suka yi waya da Alhaji ya ware su, ya ce yana zargin abin da ke damun mutanen Zariya ke nan, amma bari su zo ya tabbatar. Alhaji ya karɓa ya ɗora a cinya, ya yi ta shafa ledar. Ban taɓa ganin idonsa ya kawo ruwa ba sai ranar.

Kafin mu koma masauki zazzaɓi ya rufe shi. Na kira babban ɗansa, Nasiru, na gaya masa gaskiya. Ya ce kada mu kuskura mu biyo hanya, ya yankar mana tikitin jirgi daga Ankara, babban birnin Gana, zuwa Abuja. Shi ne hawana jirgi na farko, kuma in kun tambaye ni yadda gajimare yake daga sama ban sani ba. Alhaji nake kallo yana rawar sanyi cikin bargo, yana kiran sunayen shanun da suka mutu tun ina yaro. Hajiya Mariyama ta raka mu har bakin mota, ta ƙi karɓar silifas ɗinta.

Daga filin jirgi asibiti muka wuce a Zariya. Likitoci suka yi iya ƙoƙarinsu, ƙarshe aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

Masana'anta kuwa tun muna can aka rufe ta. Na gamu da Inna Jumma a bakin tashar Sabon Gari tana tallar nono a rana. Ta tambayi jikin Alhaji, ta ce a gaishe shi, ta ce sauran matan kowa ta kama gabanta. Nasiru ya same ni a barandar asibiti ya ce, "Malam Ishaya, ka ga halin da ake ciki. Jinya ba ta jira. Mun samu mai saye, Baba ma ya yarda." Ban ga laifinsa ba. In ni ne ma abin da zan yi ke nan. Abu ɗaya na roƙa, ya ba ni makulli kafin a miƙa wurin.

Na ɗauko mai walda, muka raba tankin, muka tono bututun daga kwalbati muka ba su tazara, na naɗe kowane da nasa soson, na ɗaura bawul ɗin Mista Ofori, na zuba sabon gilaikol. Ba madara, sai na cika tanki da ruwan famfo. Na tayar da layukan biyu har allura ta sauka kan huɗu, sannan na kashe komai da hannuna, na jawo kujera na zauna. Na wuni a wurin. Allurar ba ta motsa ba. Na sake gwadawa washegari, haka. Ba kowa a ɗakin da zan nuna wa.

Wanda ya sayi wurin ƙanƙara yake yi ta sayarwa. Mutumin kirki ne. Ya zagaya ya duba, ya ce sanyi kawai yake bukata, wannan layin ɗumin tare masa wuri yake yi, a cire. Na ce ya nemi wani ya cire. Ya ce ai ba wanda ya san wane bututu ne wane sai ni, kuma yana so in ci gaba da aiki da shi. Ina da iyali. Na yanke layin da hannuna, masu gwangwan suka zo suka kwashe. A nan nake aiki yanzu.

Bayan an sallami Alhaji na je gaishe shi a gidansa a Zabi. Na same shi kwance a ɗakin zaure, ya rame, an aske masa kai. Muka gaisa, ya tambayi iyalina ɗaya bayan ɗaya. Bai tambayi ciniki ba, bai tambayi mai ƙanƙara ba.

"Nasiru ya ce ka karɓi makulli."

"Na karɓa, Alhaji."

"Allurar ta riƙe?"

"Ta riƙe. Kan huɗu."

"Ko da wuta ta ɗauke?"

"Ni na kashe da kaina. Wuni guda ba ta motsa ba."

Ya lumshe ido ya gyaɗa kai. "Ashe abu kaɗan ne," ya ce. Ana jin yara suna wasa a waje. Can ya yamutsa fuska ya ja numfashi ta haƙori.

"Ka san abin mamaki, Ishaya? Da ƙafar tana nan ba na jin ta. Yanzu da babu ita, yatsan nan sanyi yake min kamar an tsoma shi a randa. Ja bargon nan ka rufe min ita."

Na ja bargon, na rufe wurin da babu komai a kan katifar, na danna gefe da gefe don kada iska ta shiga.